Yadda Za Ka Zaɓi Lensi Tsayayye Mai Sauƙin Kuɗi Idan Hoton Biki Kake Yi a Karkara

Lensi tsayayye na farko da na saya da gumina 50mm ne, na ɗaura shi a kan Sony a6000. Sati biyu da sayensa aka kira ni biki a wani ƙauye da ke bayan Ringim. Da la'asar na ɗauki ango da abokansa a gindin darbejiya, hotuna suka fito tas, fuska raɗau, baya ya yi dishi-dishi kamar an shafe shi da auduga. Bayan magariba gwaggon amarya ta aiko in zo in ɗauki ɗaki da jere. Na shiga, na yi ta ja da baya har ƙeyata ta taɓa bango, amma abin da ya shiga kyamarar bai wuce kan amarya zuwa ƙugunta ba. Gwaggo ta leƙo ta duba, ta ce, "Ɗan nan, ina gadon? Ina kwanukan? Ai don su aka kira ka." Gaskiyarta. Dole na mayar da lensin da ya zo da kyamarar, shi kuma ba ya jan haske a duhu, hotunan suka fito da yashi-yashi. Har yau abin yana damuna, domin jeren nan shekaru uwar yarinyar ta yi tana tara shi, kuma ba a sake jera shi kamar yadda yake a daren farko.

Lensin ba shi da laifi. Ni ne na saye shi don na ji kowa yana yabonsa, ban auna ɗakunan da nake aiki a ciki ba. Wannan jagorar don kada ɗan'uwa ko 'yar'uwa su sake zuba kuɗi ta wannan hanyar ce.

Ga wanda bai saba ba, lensi tsayayye shi ne wanda ba ya zuƙowa, masu sana'a suna ce masa firam. Lamba ɗaya ce a jikinsa, 35mm ko 50mm, ba irin 16-50mm ba. In kana son abu ya matso, ƙafarka ce za ta kai ka. Da yake aikinsa ɗaya ne, ya fi sauƙin ƙerawa, shi ya sa da kuɗi kaɗan ake samun wanda ƙofar haskensa ke buɗewa sosai. Lensin da ke zuwa da yawancin ƙananan kyamarori, in ka zuƙo shi zuwa 50mm, ƙofarsa f/5.6 take tsayawa. Tsayayye mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na wancan. A garin da wutar lantarki sai an ga dama, aikin dare kuma da ƙwan sola ɗaya ko fitilar caji ake yin sa, wannan ninki 10 ɗin shi ne bambancin hoton da za a rataya a falo da wanda za a dawo maka da shi.

Mataki na farko: san bakin kyamararka

Kafin ka tambayi kuɗi, ka tabbatar lensin zai ma shiga. Kowane kamfani da irin bakinsa, wato gurbin da ake ɗaura lensi a jikin kyamara, kuma sunan kamfani kaɗai bai wadatar ba. Kyamarorin Sony marasa madubi bakin E suke da shi tun 2010, amma akwai tsofaffin lensunan Sony na bakin A waɗanda ba sa shiga sai da adafta, alhali duka Sony ne rubuce a jiki. Canon yana da baki uku da ke rikita mutane: EF na manyan kyamarori masu madubi, EF-M na irin su M50, sai RF da ya fito a 2018. Lensin EF yana hawa bakin EF-M da na RF duka in an sa adafta. Lensin EF-M kuwa ba ya hawa RF ko ta halin ƙaƙa. Canon ya daina fitar da sabbin kyamarorin M, don haka mai M50 ya yi hattara da tara lensunan EF-M da yawa, ranar da ya sauya kyamara ba za su bi shi ba. Nikon marar madubi bakin Z ne, shi ma 2018. Fujifilm bakin X. Olympus da ƙananan Panasonic baki ɗaya suke rabawa, Micro Four Thirds, lensin wannan yana hawa wancan.

Ka rubuta cikakken sunan kyamararka a takarda ko a waya. Kamfanoni irin su Sigma da Viltrox suna yin lensi ɗaya a baki huɗu ko biyar, kwali iri ɗaya, sai ɗan rubutu a gefe ke bambanta su.

Mataki na biyu: auna sansa, sannan ka auna ɗaki

A nan ne na faɗi, kuma a nan nake so mu daɗe.

Lambar da ke jikin lensi ba ta gaya maka faɗin abin da zai ɗauka sai ka san girman sansar kyamararka, wato farantin da ke karɓar hoto a ciki. Babbar sansa, ta irin Sony a7, Canon RP ko Nikon Z5, faɗinta milimita 36 ne, tsayi 24. Yawancinmu ba ita muke riƙe da ita ba. Ƙaramar da ake kira APS-C muke da ita: jerin a6000, Nikon Z50, Fujifilm, Canon M50 da R50. A Sony da Nikon da Fujifilm sai ka ninka lambar lensi da 1.5, a Canon da 1.6, a Micro Four Thirds da 2, sannan ka san yadda zai gani. Ke nan 50mm a kan a6000 gani yake kamar 75mm a babbar kyamara. Wanda ka ji yana cewa 50mm ya isa komai, ka tambaye shi kyamarar da ke hannunsa, galibi babbar ce.

Bari mu kawo lissafin cikin ɗaki. Ɗakin da magina ke yi ƙafa 12 kan 12, kusan mita 3.6 ke nan kowane gefe. In an sa gado da wadirob da madubi, tazarar da za ta rage tsakaninka da amarya da ƙyar ta kai mita 3. A wannan tazarar, da ƙaramar sansa mai faɗin milimita 23.5, lensin 50mm faɗin mita 1.4 kawai yake kamawa. Ko ka karkata kyamarar a tsaye, mutum a miƙe ba zai shiga daga ka zuwa ƙafa ba. Lensin 30mm yana kama kusan mita 2.3, amarya da ƙawa ɗaya ko biyu sun shiga. Na 23mm yana kama mita 3, gado da jere sun fito. Na 16mm ya haura mita 4, ɗakin gaba ɗaya, sai dai duk wanda ya faɗa gefe-gefe jikinsa yana miƙewa, fuska ta buɗe, mata kuma ba sa yafe wannan.

'Yar'uwa mai ɗaukar hoto, wannan lissafin ya fi shafarki. Gidaje da yawa a wajenmu ba sa barin namiji ya shiga wajen ƙunshi ko kamu ko ɗakin amarya, ke ake kira. Aikinki kusan duka a ƙuntataccen wuri yake, cikin cunkoso, ga ƙarancin haske. In ƙaramar sansa ce a hannunki, ki fara da wani abu tsakanin 23mm da 35mm, ki bar 50mm sai gaba.

Hukuncina ga mai lensi ɗaya tak: a ƙaramar sansa 30mm ko 33mm ko 35mm, in aikin ɗaki ya fi yawa ka sauko 23mm. A babbar sansa 35mm ko 40mm ko 50mm. A Micro Four Thirds 20mm ko 25mm. Lensi na biyu, in kuɗi sun samu, shi ne na fuska: 50mm ko 56mm a ƙarama, 85mm a babba, 45mm a Micro Four Thirds. Shi ne na hoton ango a waje, na mai unguwa a kan kujera, na yaro ranar saukar karatu.

Kada ka tsaya a kan maganata kawai. Lensin zuƙowa da ya zo da kyamararka yana da lambobi a jiki ko a allon baya. Ka tsayar da shi a 24, ka liƙa salatif don kada hannu ya murza, ka yi aikin suna ɗaya a haka. Wani aikin ka sa shi a 35, wani a 50. Inda ka ji ba ka takura ba, nan ne lambarka. Gwajin nan ko sisi ba ya ci.

Mataki na uku: lambar f, da inda take yaudara

Ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Daga f/1.4 zuwa f/2 haske ya ragu da rabi, daga f/2 zuwa f/2.8 ya sake raguwa da rabi, haka zuwa f/4 da f/5.6. Tsakanin f/1.4 da f/1.8 bambancin bai kai rabi ba, amma a lensunan manyan kamfanoni kuɗin yakan ninka ko ya fi. Ga mai neman sauƙi, f/1.8 ko f/2 ya wadatar.

Abin da ba a cika gaya wa sabon shiga ba shi ne, in ka buɗe ƙofa duka, wurin da ke fitowa tas yana kankancewa. Da 50mm a f/1.8, mutum yana tazarar mita 2, kaurin abin da zai fito sarai bai kai taƙi ɗaya ba. Ka jera dangi layi biyu a haka, na gaba su fito, na baya su narke. Hoton taro sai ka rufe zuwa f/4 ko f/5.6, ka nemi haske ta wata hanya. Da rana tsaka kuma, a filin idi ko kasuwa, f/1.8 yana buƙatar saurin shota, wato ɗan lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, kusan 1/8000 na daƙiƙa, a6000 kuwa a 1/4000 take tsayawa, sai farar shadda ta ƙone fat babu zare ko ɗaya. Ko dai ka rufe zuwa f/2.8, ko ka sayi filta mai rage haske da ake kira ND daidai da faɗin bakin lensinka. Faɗin yana rubuce a gaban lensin ko a bayan murfinsa.

In kana haɗawa da bidiyo, akwai ƙarin tambaya: wa ke hana rawar hannu? a6000 da a6400 ba su da wannan a jikinsu, a6500 da a6600 suna da shi. Lensunan Sony E 35mm f/1.8 da E 50mm f/1.8 masu rubutun OSS suna da shi a cikinsu. Sigma ukun da zan ambata ba su da shi. A hoto ba wata matsala ba ce in ka riƙe shota a 1/125 ko sama, amma a bidiyon rakiyar amarya, kana tafiya kana ɗauka, za ka ga bambanci.

Mataki na huɗu: sunayen da suka cancanci nema

Ba zan sa kuɗin naira ba, domin yana bin dala, abin da aka faɗa maka yau ba shi ne na wata mai zuwa ba. Amma sanin kuɗin da kamfani ya fitar da lensi yana taimakawa wajen ciniki. Canon EF 50mm f/1.8 STM ya fito a 2015 a kan dala 125, kuma yana cikin waɗanda aka fi samu na hannu. RF 50mm f/1.8 ya fito a 2020 a kan dala 199. Fujifilm XC 35mm f/2 shi ma 2020, dala 199, jikinsa roba ne amma hotonsa ba ya kunyata mai shi. Nikon Z 40mm f/2 ya zo a 2021 a kan dala 299. In mai shago ya yanka maka kuɗin na hannu sama da na sabo in an juya a canjin yau, ka san inda za ka tsaya.

Ga mai ƙaramar sansa, Sigma yana da 'yan uku: 16mm, 30mm da 56mm, duka f/1.4, masu rubutun DC DN. DC na nufin na ƙaramar sansa ne, DG na babba. A cikinsu 30mm ne zan miƙa wa ƙanena in lensi ɗaya zai iya saya. Viltrox yana da 23mm, 33mm da 56mm, su ma f/1.4, suna saita kansu, wato da kansu suke nemo inda hoto zai fito tas, kuɗinsu yakan yi ƙasa da na manyan kamfanoni, kuma akwai kafar USB a jikinsu da ake sabunta manhajarsu ta ciki in an fitar da gyara. Mai M50 ya nemi EF-M 22mm f/2, ɗan ƙarami kamar murfin kwalba, ya dace da ɗaki sosai. Mai Panasonic ko Olympus ya nemi Panasonic 25mm f/1.7, na fuska kuma Olympus 45mm f/1.8.

Wani abu ga mai shirin komawa babbar kyamara nan gaba: lensin babbar sansa yana aiki a kan ƙarama ba tare da asara ba, amma na ƙarama in ya hau babba sai kyamarar ta yanke gefe-gefe. Sony a7 III mai megafiksel 24 takan koma kusan 10 a haka.

Akwai kuma masu arha ƙwarai na TTArtisan da 7Artisans da Meike waɗanda da hannu ake murza saitinsu, da tsofaffi irin Helios 44-2 na zamanin Tarayyar Sobiyat, 58mm f/2, mai bakin M42. Tsofaffin suna hawa kyamara marar madubi ne saboda tazarar bakinta da sansa gajera ce, milimita 18 a Sony, alhali su an yi su ne don tazarar da ta haura 45, sai adafta ta cike gurbin. Sai ka shiga saitin kyamara ka ba ta izinin ɗauka ko da ba ta ji lensi a jikinta ba, ka kunna launin da ke nuna inda saiti ya faɗa. Ina son su don hoton nutsuwa: maƙeri a bakin zuga, tsoho yana kitson igiya, lambu a fadamar Haɗeja da sassafe. Amma ban yarda mutum ya dogara da su a aikin kuɗi ba. Doki a hawan sallah a Gumel ko Ƙazaure ba zai tsaya ka murza ba, haka amarya in an ɗaga mayafi, daƙiƙa biyu ne.

Mataki na biyar: ranar ciniki

Yawancinmu na hannu za mu saya, ko a cikin Kano, ko a aiko daga Legas ta tasha, ko a hannun ɗan'uwan sana'a da zai sauya. In da hali ka je da ƙafarka. Ka tafi da kyamararka, batir cike, da katin ajiya. Mai kayan da ya ƙi ka ɗaura a kyamararka, ka yi masa sallama cikin mutunci ka wuce.

Ka cire murfin gaba da na baya, ka kunna tocilar waya, ka haska ta baya kana kallo ta gaba, a ɗan karkace don kada hasken ya soki idonka. 'Yar ƙura ɗaiɗai a ciki ba komai ba ce, babu lensin da ya yi hunturu ɗaya a Arewa bai sha ta ba, kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne fumfuna, za ka gan ta kamar saƙar gizo-gizo ko jijiyar ganye, yawanci daga gefe take farawa. Sai hazo, gilashin ya yi kamar an hura masa numfashi bai washe ba, shi ke sa hoto ya yi fari-fari in akwai haske a gaba. Karce a gilashin baya ya fi na gaba illa.

Daga nan ka duba zaren da ake murɗa filta a gaba. In ya lotsa, lensin ya taɓa faɗuwa. Ka duba kusoshin baya, in kansu ya cinye an taɓa buɗe shi, sai ka tambaya, "Alhaji, me aka gyara a ciki?" Yadda zai amsa ma zai gaya maka wani abu. Ka duba 'yan ƙarafan zinaren da ke haɗa shi da kyamara, kada su zama sun yi tsatsa ko sun goge.

Yanzu ɗaura shi. Ya shiga da santsi ya yi ƙas, kada ya riƙa motsi. Ka saita a kan yatsanka kusa, ka juya kan wani abu can nesa, ka dawo, sau goma. Ka saurara da kunne, kuka ko tsayawa a tsakiya ba alheri ba ne. Ka shiga lungun shagon inda ya fi duhu ka sake gwadawa, domin a irin wannan hasken za ka yi aiki. Ka ɗauki hoto a f/1.8, sannan f/4, f/8, f/16, ka ga ƙofar tana rufewa daidai, hasken hotunan bai yi ta tsalle ba. Gwaji na ƙarshe shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa: ka tsaya daidai gaban katangar bulo ko shagon da aka jera kaya, ka ɗauka da ƙofa a buɗe, ka zuƙo kusurwoyi huɗu a allon baya. Kusurwa ta ɗan yi laushi ba laifi, matuƙar duka huɗun iri ɗaya ne. In dama ta fito tas hagu ta narke, gilashin ciki ya goce, kuma gyaransa yakan ci kuɗin da ya kusa na wani lensin.

In aike za a yi, kada ka tura kuɗi duka ga wanda ba ka sani ba don ka ga hoto a Facebook ko WhatsApp. Ka nemi wani naka a garin ya je ya gani, ku yi kiran bidiyo ya haska maka tocila a ciki, a kuma yi magana a gaban shaida kan kwanakin da za ka iya mayarwa. Ka ware kuɗin mota, da na filta, da na hular lensi a cikin lissafi, kada ka ƙarar da komai a kan lensin kawai.

Bayan ka kawo shi gida

Lensi tsayayye yana da wani haraji da ba a rubuta a kwali ba: yawan cirewa da sakawa. Kyamara marar madubi, da ka cire lensi sansarta a fili take. A kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, shanu suna tayar da ƙura, in ka buɗe ta minti ɗaya za ka kwana kana goge ɗigo-ɗigo a sararin samaniyar kowane hoto. Ka kashe kyamarar, ka juya bakinta ƙasa, ka ba iska baya, ka riga ka kwance murfin lensin da za ka saka, a yi abin cikin ƙiftawar ido. In iskar hunturu ta taso, ka shiga zaure ko cikin mota. Mafi alheri ka yanke shawara tun daga gida: aikin waje na fuska ne a kai, bayan magariba na ɗaki.

Kada ka goge gilashi da bakin riga. Shadda mai sitaci da 'yar ƙasa a jiki kamar takardar goge katako take yi wa lensi. Ka fara hura ƙurar da 'yar robar hura iska, sannan tsumma mai laushi irin na tabarau, wanda ke zaune a ledarsa. A kan babur, ka naɗe lensin da ba ya kan kyamara a tawul, jakar ta rataya a jikinka, kada a ɗaure ta a kariyar bayan babur inda kowane rami zai buga ta.

Damina kuma nata daban. Daga Yuli zuwa Satumba, ɗakin ƙasa da jakar fata suna riƙe danshi, fumfuna kuwa duhu da danshi take so. Ka samo robar abinci mai murfin da ke kamawa gam, ka zuba 'yan ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka ajiye lensunan a ciki, a kan kanta, ba a ƙasa ba. Ƙwayoyin suna ƙoshi, sai a sauya su ko a busar da su a ɗumi mai sauƙi. Duk sati ka fito da lensin ka yi aiki da shi ko na rabin awa ne, ya sha iska da haske. Ranar da ruwa ya kama ka a hanya, kada ka rufe shi a robar da ka iso, ka goge jikinsa, ka cire murafen, ka bar shi a inda iska ke ratsawa har gari ya waye.